Kafin Shayi Ya Huce

Waƙar ta ɓace.

Basant ta sake danna sunanta a wayar, ta kuma dannawa. Hoton mahaifiyarta yana nan da ɗankwalinta mai furanni, amma rubutun ya dusashe, a ƙasansa an sa cewa babu wannan waƙar yanzu.

"A'a... don Allah ba yau ba..."

Yau ne ɗaurin aurenta, bayan la'asar, a falon nan nasu da aka cika da kujerun aro.

Ta ɗago ta dubi mahaifinta. Usta Gharib, kamar yadda ake kiransa don girmamawa, na zaune bakin taga inda ya saba, yana kallon jiragen da ke layin shiga mashigar ruwa. A ƙaramin kwalekwale ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin jiragen nan da kayan sayarwa, duk garin nan na Bur Sa'id babu wanda bai san bakinsa ba. Yanzu mantuwa ta cinye shi, ko sunansa sai an tuna masa.

Abu ɗaya ne ke dawo da shi, muryar matarsa Zakiyya. Mawaƙiyar biki ce, kaset ɗaya tak ta yi kafin rasuwarta, shi ma rediyon gidan ya tauna shi tun tuni. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗora tsofaffin waƙoƙin garin a manhajar sauraro, Basant take biya duk wata tana kunna masa. Da zarar simsimiyya, molon mutanen bakin ruwa, ta fara kaɗawa, Zakiyya ta ce *ka dawo kafin shayi ya huce*, sai idonsa ya washe, ya kira 'yarsa da sunanta, ya tambaye ta ko ta ci abinci. In waƙar ta ƙare da kaɗan ya sake tafiya.

A kan wannan ɗan lokacin ta ɗora aurenta gaba ɗaya. Ma'azun mai ɗaurin aure ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, in mahaifinta ya gane ta, ya amince da bakinsa, hannunsa zai karɓa a matsayin waliyyi. In ba haka ba sai na ƙaninsa, wato baffanta Ammu Fathi. Mahaifiyar Hazim kuwa, angon, ta rantse ɗanta ba zai ɗauki yarinyar da babu namiji ko ɗaya a danginta da ya miƙa hannu ba.

Ta durƙusa gaban tsohon, ta kama gwiwarsa.

"Baba, ni ce."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa baƙo. "Sannu yarinya. Wa kike nema?"

Ta kira Hazim. A kashe. Ta san za a rina, tun jiya jirgin jan jirage da yake wa aikin inji ya fita cikin teku, can kuwa babu sabis ko na rantsuwa. Ta yi ta kira duk da haka, tana jin muryar matar nan mai ba da haƙuri har ta ji ta tsane ta.

Ƙofa ta buɗe, Ammu Fathi ya shigo da tiren basbusa, kek mai zaƙi, a hannu da sabuwar jallabiya, fuskar nan wasai kamar shi ne angon.

"Amarya da kuka tun da hantsi? Ki rage na anjima mana."

"Ammu, waƙar Mama... an cire ta."

"Na sani."

Ta miƙe tsaye. "Ka sani?"

Ya ajiye tiren a hankali, ya zaɓi yanka ɗaya ya kai baki. "Tamir ɗana ne ya rubuta musu, da sunan iyali. Amfanin ɗa lauya kenan. Muryar matar yayana tana yawo a kunnen kowane direban tasi, wa ya ba su izini?"

"Shekara da shekaru tana nan ba ka ce komai ba. Sai a makon aurena?"

"Lokacin ne Allah ya tuna min."

"Ammu, ka ji tsoron Allah. Ka san da ita kaɗai yake gane ni."

"To in bai gane ki ba ai ga ni, ba mutuwa na yi ba." Ya karkaɗe yatsunsa. "Sai dai hannuna ba zai shiga na wani mai warin man dizal ba, wanda rabin shekara yana kan ruwa. Tamir yana nan da ofishinsa da motarsa, bai fasa neman aurenki ba. Ki yi tunani, habibti, 'yar lele."

Ba ta tsaya tunanin ba. Ta zari mayafi ta fita da lallen amarci a hannu, ta bi layin kasuwa shago-shago, duk inda aka taɓa sayar da kaset. Wani ya koma sayar da rigar waya, wani ya koma turare. Tsoho ɗaya ne ya tuna Zakiyya, ya dafe ƙirji ya yi mata addu'a, sannan ya ce kwalayensa duk ya zubar da su shekarar da ruwa ya shiga shagon. Ta kira kamfanin, wata budurwa ta ce a turo ƙorafi a rubuce, za su duba bayan hutu.

A bakin titi Basant ta tsaya tana kuka, mutane na ratsa ta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kullum waƙar tana hannunta, safe da yamma, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa aro aka ba ta ba.

Da ta dawo gida ta rufe ƙofar ɗaki, ta zauna a ƙasa gaban mahaifinta, ta share hawaye. Ta san kowace kalma. Ta buɗe baki ta rera da kanta.

"Ka dawo kafin shayi ya huce..."

Tsohon ya juyo. Ta ci gaba da rerawa.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaure fuska. "Wa ya ba ki waƙar matata? Ki daina. Ba haka take yi ba."

Nan ta kifa kanta a kan tabarma ta yi kuka mai isarta.

La'asar ta yi, falo ya cika. Mata sun yi guɗa ta farko sun gaji sun koma ƙus-ƙus. Ma'azun ya shimfiɗa farin hankicin da ake rufa wa hannun ango da na waliyyi, ya matso kusa da Usta Gharib.

"Usta, ka san wannan da ke gabanka?"

Tsohon ya dubi Basant cikin farar rigarta. "Kyakkyawa ce, ma sha Allah. 'Yar waye?"

Mahaifiyar Hazim ta ja jakarta ta ɗora a cinya. Ammu Fathi ya yi gyaran murya, Tamir na bayansa yana gyara agogo. Ma'azun ya fara naɗe hankicin.

Daidai lokacin Hazim ya shigo, da gudu-gudu, rigar kwat a kafaɗa, gashinsa bai gama bushewa ba, baƙin mai na nan a gefen farcensa.

"Ku yi haƙuri, jirgi ne ya maƙale mana a..." Ya ga fuskarta, maganar ta tsaya. Bai damu da idon mutane ba ya tsugunna gabanta. "Rayuwata, me ya faru?"

"Sun cire waƙar Mama," ta ce da ƙyar. "Shi kenan Hazim. Bai san ni ba. Na nema ko'ina, wallahi na nema..."

"Ta shayin?"

Ta gyaɗa kai.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi. Wayar nan da ta sha yi masa tsiya a kanta, don shi ba ya sauraron waƙa a manhaja kamar kowa, sai ya saya ɗaya bayan ɗaya ya sauke ya adana. Tsoho take ce masa, mai sayen iska. Shi kuma ya ce ta bari sai ta kwana a teku babu sabis tukuna.

"Ranar da kika fara kunna min ita a bakin ruwa na saye ta," ya ce a hankali. "Ban faɗa miki ba, na san dariya za ki yi. Ita nake ji a ɗakin inji in kewarki ta dame ni."

Ammu Fathi ya miƙe. "Kai, kashe wannan abin. An hana waƙar nan, da takarda."

"An hana masu ba da aro, Ammu. Wannan tawa ce."

Ya danna.

Simsimiyya ta cika falon, sannan muryar Zakiyya ta biyo, siririya, da ɗan dishin nan nata. Babu wanda ya motsa. Basant ta ƙura wa mahaifinta ido.

Yatsunsa ne suka fara kaɗawa a kan gwiwa. Ya lumshe ido, ya buɗe.

"Basant," ya ce. "Wa ya sa ki kuka da kwalli a ido?"

"Baba..."

"Fathi, tsayuwar me kake yi a kan mutane kamar sandar fitila? Zauna." Fathi ya zauna. Tsohon ya juya ga Hazim, ya ƙare masa kallo har zuwa farcen. "Kai ne na jirgin nan da ke zuwa yana cinye min kifi?"

"Ni ne, Usta."

"Kina son shi, 'yata?"

"Ina son shi, Baba. Sosai."

"To me Shehi yake jira? Kawo hannunka."

Ma'azun ya warware hankicin da sauri ya rufa a kan hannayensu. Yana faɗa, Usta Gharib yana maimaitawa, tar, babu gargada, ya ambaci sunan 'yarsa da nasa da na ubansa. Hazim ya ce ya karɓa. Guɗa ta tashi, har mahaifiyar Hazim ta ajiye jaka ta sa tata.

Tsohon bai saki hannun angon nan da nan ba. Ya jawo shi kusa.

"Teku ba ta ƙoshi da mutum. In ka fita, ka tuna akwai mai jiranka da shayi."

"In sha Allah, Usta."

Waƙar ta kai ƙarshe. Hazim ya kai yatsa zai maimaita, Basant ta riƙe hannunsa, don ta ga gajiya a fuskar mahaifinta. Ta zauna kusa da shi ta ɗora kanta a kafaɗarsa, tana jin yadda yake janyewa a hankali, idonsa na komawa kan taga.

Can ya waiwayo ya ga amarya a jikinsa. Ya yi mata murmushin baƙo, ya shafa mayafinta.

"Allah ya sanya alheri, yarinya. Mahaifinki ya zo kuwa?"

Hawaye suka zubo mata, ta kama hannunsa ta sumbata.

"Ya zo," ta ce. "Da kansa ya ɗaura."