Gola Mai Tsalle da Gola Mai Tsawa

A wani gari, can da, an yi wani kyaftin ɗin ƙwallo mai gola biyu. Ɗanjuma gwanin tsalle ne, in ya tashi sai 'yan kallo su hau tafi. Barau kuwa ba abin da ya iya sai tsawa: "Kyaftin, koma baya. Kyaftin, ga mutum a bayanka."

Tsawar nan ta ishi kyaftin, don a gaban jama'a ake yi masa ita. Ranar wasan ƙarshe ya ce, "Barau, yau zauna, bakinka ya huta."

Barau ya ce, "To, yaya."

Ana dab da tashi aka bugo ƙwallo daga kwana. Wani daga abokan hamayya ya lallaɓo bayan kyaftin. Ɗanjuma ya gan shi sarai, amma ya yi shiru, yana shirin tsalle. Tsallen ya yi kyau, ƙwallo kuwa ta riga ta shige.

Washegari kyaftin ya je ba Barau haƙuri. Barau ya ce, "Ba komai, yaya. Sai dai na riga na yi wa ƙungiyar 'yan ƙetaren rafi alkawari."

Tun daga nan, in suka haɗu, kyaftin yakan ji Barau a ɗaya ragar, yana tsare bayan wasu.