Shaidar Da Ta Makara

Zuhura na tsakar gida tana fyaɗin wake wayarta ta yi ƙara. Tana ganin lambar Sudan ta jefar da sandar, har kaji suka watse.

Abdullatif ne, ɗan wan babanta. Mahaifinsa Dawuda ya bar Dudunni, ƙauyensu a ƙaramar hukumar Kusada, da niyyar aikin hajji shekara talatin da suka wuce, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi aure can, can kuma ya rasu. Ɗan ne ya nemo dangi ta waya, gaisuwa ta koma hira, hira ta koma so. Shekara biyu ke nan, ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba. Yanzu yaƙi ya kore shi daga gidansu.

"Zuhura, na je ofishin jakadancinmu," in ji shi. "Sun karɓe ni da mutunci, amma ba ni da fasfo. Sun ce za su ba ni takardar komawa gida in na kawo shaidar ni ɗan Kusada ne. Baffa kawai zai je gun dagaci ya ce ni jininsa ne, sakatariya ta ba da takarda, ki turo hotonta. Jirgi ranar Laraba ta sama zai tashi."

"Wannan ai mai sauƙi ne!" ta ce, tana dariya.

Kayya, yarinya ba ta san uban da ya haife ta ba. Uban nata, Malam Sada, ya saurare ta yana gyara ƙotar fartanya, ko kai bai ɗaga ba.

"Ni ban san shi ba."

"Baba! Ɗan Baffa Dawuda ne fa!"

"Wa ya gani? Kowane ɗan iska sai ya bugo waya ya ce shi jinina ne? Tashi ki ba ni wuri!"

Inna Zinariya, uwar Zuhura, ta fito daga madafa. "Malam, ka ji tsoron Allah. Ba yaron kake ƙi ba, gonar fadama kake tsoro. Amana Dawuda ya bar maka ita, ko ka manta?"

"Mi ya kawo maganar gona? Shekara talatin ina zuba mata taki, sannan wani ya zo da bakin Larabci ya amshe, ya haɗa da ɗiyata?"

Zuhura ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka. Ya janye ya fice masallaci. Ta je sakatariya da kanta, aka ce sai da takardar dagaci. Dagaci ya ce shi ba ya shaidar wanda ɗan'uwan ubansa ya ƙi. Ta daina cin abinci, ta rame, har maƙwabta suka fara tambaya ko mayu ne. Laraba ta zo ta wuce, jirgi ya tashi babu shi.

Ran Juma'a saƙon murya ya shigo daga Abdullatif. Ta kai wa uban, ta kunna ba tare da ta nemi izini ba.

"Baffa, na yafe gonar duniya da lahira. Ba gona nake nema ba. In mutuwa zan yi, ina so a binne ni inda aka san sunan ubana."

Malam Sada ya daskare. Muryar Dawuda ce sak, har da 'yar in'inar nan tasa. Ya ɗauki hularsa ya nufi gidan dagaci.

Litinin takarda ta fito, Zuhura ta tura. Ta kira Abdullatif don ta yi masa albishir, waya a kashe. Ta kira washegari, a kashe. Bayan sati uku wani ma'aikacin ofishin jakadancin ya bugo.

"Hajiya, takardarsa ta fito, tana kan teburina. Mai ita ne ba mu gani ba. An ce ya bi wata mota ta hamada."

Damina biyu ke nan. Samari sun yi sallama har sun gaji, Zuhura ta ce ita da alkawari a kanta, kuma kullum da safe sai ta gwada lambar. Malam Sada bai ƙara tsawata mata ba, ba ya ma iya haɗa ido da ita.

Jama'a, shaidar gaskiya ba a ajiye ta sai an ga dama, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kalma ɗaya aka nema a bakin Malam Sada. Ya faɗe ta, amma bayan kwana tara.