Bencin Makarantar Kambo

Ranar Asabar da hantsi, ana tsakiyar tsintar audugar shekarar 1966, Sufeto Jibirin ya sauka daga motar 'yan sanda a Hillar Ladan, wani ƙauye kudu da garin Hajj Abdalla. Ƙarar da aka kai ofis ita ce an kwashe kayan makarantar kambo, unguwar leburorin gonakin auduga.

Makarantar ɗaki ɗaya ce na laka. Babu benci, babu littafi, sai allon bango. Malama Raliya, wadda ta yi shekara biyu tana koyar da 'ya'yan leburori a ciki, tana tsaye a ƙofa.

"Yaushe rabonki da ganin kayan?" Sufeto ya tambaye ta.

"Alhamis da muka tashi, ranka ya daɗe. Jibi jami'in ilimi zai zo daga Madani. In ya tarar da ɗaki wayam, gwamnati ba za ta karɓi makarantar ba. Yara arba'in ne."

Sufeto ya juya kwaɗon ƙofar. Ko ƙwarzane babu.

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Ga nawa. Ɗayan yana wurin Alhaji Gado, shugaban kwamitin makaranta."

Kafin a aika a kira shi sai ga Alhaji Gado da kansa, rawani fari tas, carbi a hannu. Shi ne ya fi kowa gonakin auduga a ƙauyen.

"Sufeto, kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "Mutanen kambo ne. Sun farfasa bencin sun dafa tuwo. Wanda bai san darajar takalmi ba, ina zai san ta benci?"

"Ina mabuɗinka?"

"Ya ɓace tun damina."

"Jiya ina kake?"

"Hajj Abdalla. Can na yi Juma'a."

Sufeto ya dube shi daga rawani har takalmi, ya wuce.

Sawun amalanke ya tashi daga bayan makarantar ya bi gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. A bakin ƙofar da ake sakar wa gonaki ruwa Sufeto ya sami Audi mai gadi yana zaune a kan wani buhu.

"Ka ga wani ya wuce nan jiya?"

"Wallahi ko tsuntsu ban gani ba."

"Tashi daga kan buhun nan."

Audi ya tashi. Littattafan karatu ne a ciki, sun jiƙe sun kumbura.

"Su suka toshe ƙofar ruwa, na tsamo su," in ji Audi. "Tsoro na ji. Ana sallar Juma'a, gari ba kowa, amalanke ya tsaya can. Mai shi ya zazzage buhu cikin ruwa."

"Wane ne?"

"Ya Sufeto, a gonarsa matata ke tsinta."

"Wannan ya ishe ni."

Sufeto ya sa Saje Mahmud, ɗan sandan da ya rako shi, ya ɓoye buhun a mota, ya nufi gidan Alhaji. Ya same shi a zaure yana shan shayi.

"An kama su?" Alhaji ya tambaya.

"Saura kaɗan. Ana sa ran samun littattafan."

Alhaji ya yi dariya. "Littafin da ya kwana a ruwa me zai yi wa wani?"

"Wa ya ce maka a ruwa suke?"

Kofin shayin ya tsaya a bakin Alhaji.

"Saje Mahmud, buɗe min rumfar audugarsa," in ji Sufeto.

Sajen ya ture tulin auduga gefe. Benci goma sha biyu ne a ƙasa, an jera su an yi gadon ɗora buhuna da su.

Mutane sun cika ƙofar gida, har da matan kambo da Malama Raliya. Alhaji ya miƙe, ya daina ɓoye-ɓoye.

"To, ni ne! Auduga ta fashe a gona, yaran da ke tsinta suna ɗaki suna rera alif da ba. Wa zai tsince min? Kakansu tsinta ya yi, ubansu tsinta yake yi. Ɗan kambo me zai yi da alƙalami?"

"'Ya'yanka fa, suna ina?" Sufeto ya tambaye shi.

"Makaranta, a Madani. Ai ba ɗaya ba ne."

"Ni ma a kambo aka haife ni, can Makwar," in ji Sufeto. "Da alƙalamin zan rubuta maganarka, kalma ba za ta faɗi ba. Miƙo hannu."

Ankwa ta rufe a wuyan hannunsa. Matan kambo suka shiga rumfar ba tare da neman izinin kowa ba, suka ɗauko bencin bibbiyu, suka nufi makaranta. Babu wadda ta gai da Alhaji.

Alhaji ya nufi ƙofar gaba ta motar, ya tsaya yana jiran a buɗe masa.

"Baya," in ji Sufeto. "Kusa da buhun. Ka shaƙi warin aikinka har Hajj Abdalla."