Ranar da Injin Auta Ya Ƙi Gudu

Da safiyar ranar gasa injin Auta ya ƙi gudu.

Ta kunna shi, ya tashi lafiya. Ta ɗora masa gwaji, allo ya yi shuɗi, ya mutu. Ta sake, bai canja zani ba. Ta ƙwala wa mahaifinta kira.

Sajan ya fito daga ƙuryar shago da tabarau a goshi. Tsohon ɗan sanda ne da ya ajiye kaki ya buɗe shagon wasannin kwamfuta. Bai san cikin kwamfuta ba, bai kuma taɓa cewa ya sani ba. Abin da ya sani, 'yarsa ta yi watanni tana horar da injin nan. Kamfani kan yanke wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar inji, iyakar gudunsa. Masu wannan sana'a su kan tura shi ya wuce iyakar, suna ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan. Na Auta ya kai biyar da ɗigo huɗu ko tari bai yi ba. Yau da rana za a yi gasa, wanda injinsa ya fi gudu bai faɗi ba, kamfanin haɗa kwamfuta zai ɗauke shi aiki.

"Baba, ya ƙi!"

"Ihu ba ya gyara inji. Me kika duba?"

Ta shiga bayos, inda ake saita gudu da wuta. Lambobinta suna nan yadda ta bar su. Ta taɓa fanka, tana juyawa. Ta cire ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta inji, ta mayar. Ta canja akwatin wuta. Ta goge saitin kaf ta sake shigarwa da hannunta. Allo ya sake yin shuɗi.

"Saura me?"

"Saura furosesan kansa."

Ta ɗauki sukudireba ta kwance fanka. Tana ɗagawa ta tsaya cak.

"Baba, wannan ba hannuna ba ne."

Ta nuna masa man toka-toka da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka don zafi ya fita.

"Ni ɗigo ɗaya nake sawa a tsakiya, kamar ƙwayar wake. In fanka ta danne shi ya kan baje, amma ba ya kaiwa kusurwa. Dubi wannan, ya cika kusurwa huɗu har ya zubo. Kuma ɗanye ne."

"Wato an buɗe."

"An buɗe. Amma sunan furosesan bai canja ba. Irin nawa ne sak."

"Tagwaye halinsu ɗaya ne?"

Auta ta dafe kai. "A'a! A cikin ɗari da wuya ka samu ɗaya mai jure abin da nawa yake jurewa. Baba, musanya min aka yi!"

Jinin Sajan ya motsa. Rabonsa da jin haka tun yana cikin kaki. Ya saukar da tabarau kan hanci.

"Mayar da fanka, ki ɗaure. Kada ki gaya wa kowa an buɗe."

Jiya Auta ta raka mahaifiyarta asibitin ido, shi kuma ya je aski. Mutum uku ne suka zauna a shagon: Mai Gyara da ya zo kakkaɓe ƙura, Dogo mai cika baki, abokin gasar Auta, da Gwani, ɗan wan Sajan, wanda ya koya wa Auta sana'ar. Ya aika a kira su.

Mai Gyara ne ya fara zuwa, da jakar kayan aiki.

"Ka taɓa injin Auta jiya?"

"Na hura masa iska ta waje, ranka ya daɗe. Wa zai taɓa injin Auta ya kwana lafiya?"

"Nuna min man da kake shafawa."

Ya ciro kwalba. Fari ne, mai araha.

"Da ɓarawo ne kai, ka samu furosesa irin nata, me za ka sa a madadinsa?"

Mai Gyara ya yi dariya. "Allah ya kiyaye. Amma mataccen tsoho zan sa mana. In sa irinsa, me na ci? A kasuwa kuɗinsu ɗaya."

"Je ka zauna."

Dogo ya shigo yana taunar cingam.

"Baba Sajan, an ce dokin Auta ya karye? Allah sarki. In ara mata keke?"

"Tofar da abin bakinka. Kai ka ce sai ka ga bayanta a gasar nan?"

"Na faɗa, kuma zan maimaita. A fili zan kayar da ita."

"Ina injinka?"

"Ga shi can a teburin ƙarshe."

Sajan ya dubi Auta. Ta girgiza kai, ba da son ranta ba.

"Nasa na wani kamfani ne, Baba. Furosesana ba ya shiga gurbinsa ko da guduma."

"Ka ji ko?" in ji Dogo. "Ni bakina ne babba, hannuna gajere ne."

"Zauna kusa da Mai Gyara."

Gwani ya iso a ƙarshe, da injinsa a cikin kwali, ya shirya wa gasa. Ya durƙusa ya gaida Baffansa, sannan ya matsa wurin Auta.

"Ƙanwata, me ya faru? Subhanallahi. Ai na sha gaya miki, wuta in ta yi yawa furosesa gajiya yake yi."

"Yaya, jiya da safe lafiyarsa ƙalau."

"Haka suke. Yau lafiya, gobe sai haƙuri."

Sajan ya sassauta murya. "Gwani, kai ne malaminta. Lokaci ya ƙure. Ko ba za ta ci ba, a samu ta shiga kada a yi mata dariya. Akwai dabara?"

Gwani ya gyara tsayuwa. An taɓo inda yake so.

"Mai sauƙi ne, Baffa. Saukar da shi huɗu da ɗigo tara. Wuta ki sa ɗaya da ɗigo uku da biyu. Kada ki ƙara ko ƙiris, nan yake tsayawa."

Auta ta shigar. Ta ɗora gwaji. Fanka ta yi ruri, kowa ya zuba wa allo ido. Gwaji ya ƙare, inji bai faɗi ba.

"Kai!" in ji Dogo. "Gwani dai gwani ne!"

Gwani ya yi murmushi.

"Auta," in ji Sajan, "ƙara masa ƙiris ɗin da ya hana."

Ta ƙara. Allo ya yi shuɗi.

"Lokacin da kika samu furosesanki, yaushe kika gano inda yake tsayawa?"

"Na yi makonni, Baba. A ƙara, ya faɗi, a rage, a sake."

"Mai Gyara, akwai wanda zai dubi inji daga tsaye ya faɗi lambarsa?"

"Sai dai boka, ranka ya daɗe."

Murmushin Gwani ya bushe.

Sajan ya miƙe. "Man da ke kan furosesan nan ba na Auta ba ne, ba na Mai Gyara ba ne. An buɗe injin jiya. Wanda ya buɗe ba kuɗi yake nema ba, don abin da ya sa da abin da ya ɗauka kuɗinsu ɗaya. Gudu yake nema, wato ɗan gasa ne. Injin Dogo ba ya karɓa. Saura mai irin injinta. Gwani, ba ni da hujja, sai da ka ba ni da bakinka. Mahayi ne kaɗai ya san inda dokinsa yake gajiya. Ka san lambar furosesan nan don naka ne. Buɗe kwalin."

"Baffa, wallahi…"

"Kada ka haɗa sata da rantsuwa. Buɗe!"

Gwani ya buɗe kwalin, ya kunna injin. Lamba ta fito a allo: biyar da ɗigo huɗu.

Dogo ya daka tsalle. "Ashe shi ya sa jiya ka ce in je in sha iska!"

Gwani ya sunkuyar da kai. "Baffa, ni na koya mata riƙe sukudireba. Yaya za a ce ƙanwata ta wuce ni a gaban jama'a?"

"Ɗalibi ya wuce malami, ai malamin ake yaba wa. Kai ka zaɓi kunya. Cire shi."

Ya cire. Auta ta karɓa da hannu biyu, ta goge shi tas, ta fitar da na Gwani, ta kwantar da nata a gurbinsa, ta sa ɗigon mai a tsakiya, ta ɗaure fanka. Ta shigar da lambobinta. Fanka ta yi ruri. Gwaji ya hau, ya hau, ya kai ƙarshe.

"Ya jure! Baba, ya jure!"

"Na gani. Ba makaho ba ne ni."

Gwani ya matso. "Baffa, don Allah kada Babana ya ji."

"Ba zan gaya masa ba. Kai za ka gaya masa, ina tsaye. Yanzu mayar da naka cikin injinka. Gasar ma za ka shiga, da abin da Allah ya ba ka."

Dogo ya saɓa injin Auta a kafaɗa. "Muje, Hajiya. Gara in ɗauka da kaina, kada in na kayar da ke ki ce an jijjiga shi a hanya."

Bai kayar da ita ba. Da yamma Auta ta shigo shago a guje, mayafi a hannu, muryarta ta dushe.

"Baba, na ci! Sun ɗauke ni! Ranar Litinin zan fara!"

Sajan ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga.

"To," ya ce. "Ni kuma wa zai riƙa kunna min waɗannan abubuwan da safe?"