Jerin da Babu Komai a Ciki

A shagon gyaran waya suka haɗu. Ta ajiye kwamfutarta a kan teburinsa, ta ce wajen caja ya lalace, ga shi tana da aikin da za ta tura kafin yamma. Da ya kunna, sai ya ga shafin kwas ɗin da shi ma yake yi ta intanet, na rubuta manhaja a salon fankishin.

"Ke ma wannan wahalar kike sha?" ya tambaya.

"Ni daɗinsa nake ji," ta ce. "Kai dai gyara."

Rabin-Hanya abokansa ke kiransa, bai kuma taɓa musu ba. Ya bar makaranta kafin jarabawar ƙarshe, ya bar koyon walda, ya bar tuƙi. Ita kuwa a kantin magani take aiki, tana karatunta idan masu saye sun ɗaga ƙafa. Ya laƙaba mata Malama, sunan ya bi ta.

A wannan salon, idan ana son maimaita aiki, sai a sa fankishin, wato ɗan guntun umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ya riƙa kiran kansa yana bin jerin abubuwan da aka ba shi ɗaya bayan ɗaya, amma dole a rubuta masa inda zai tsaya. Wannan layin ne kullum yake mantawa. Nasa sai ya yi ta juyi har kwamfuta ta ɗau zafi.

"Injiniyana, ka gwada shi da jerin da babu komai a ciki?" ta rubuto masa wata rana.

"Wa zai kawo min jeri babu komai, Malamata? Kin ci abinci?"

"Na ci. Ka gwada."

Bai gwada ba.

Da magana ta yi nisa, ya je gaida mahaifinta, tsohon direban motar asibiti. A gefe ɗan yayar tsohon na zaune, ma'aikacin banki, yana wasa da makullin mota. Kowa a gidan ya san shi ma aurenta ke kawo shi. Tsohon ya saurari sana'o'in da saurayin ya taɓa ya ajiye, sannan ya gyara zama.

"Ɗan nan, rashin abin hannunka bai dame ni ba. Tsorona ka kai min ita rabi ka ajiye. Gama abu ɗaya, ka zo mu yi magana."

Abu ɗayan da ke hannunsa shi ne kwas ɗin. Ya duƙufa har ya tura aikin ƙarshe. Ɗalibai ke duba na junansu, ba a nuna suna. Da sakamako ya fito, ya faɗi. A ƙasa mai dubawa ta rubuta cewa aikin yana da kyau, amma idan aka ba shi jerin da babu komai a ciki, ba ya tsayawa.

Ya ɗauki waya.

"Ke ce?"

"Ni ce. Tun layin farko na gane ka. Kai kaɗai ke sa wa fankishin suna sukudireba."

"Kin san abin da Baba ya ce."

"Na sani, masoyina."

"To Allah Ya ba ku zaman lafiya, ke da mai banki."

"Idan na ba ka makin ƙarya, me zan ce wa Baba ka gama?"

Ya kashe wayar. Washegari ya fara tattara kayan aikinsa a jaka, wai zai gwada wani gari. Maigidansa yana liƙa gilashin wata waya, bai ko ɗago ba.

"An kai rabin ke nan?" ya ce.

Saurayin ya daɗe a tsaye da jakar a hannu. Daga baya ya zazzage kayan a kan tebur.

Dokar kwas ɗin, wanda ya faɗi, daga darasin farko zai koma tare da sababbin ɗalibai. Ya koma. Bai kira ta ba, ita ma ba ta kira ba. Duk fankishin da zai rubuta, da layin tsayawa yake farawa. Watanni suka wuce haka, har ranar da ya tura mata hoton satifiket.

"Na gwada da jerin da babu komai."

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Malamata. Ki yafe min maganar mai banki."

"Shi ma tuni na gaya masa gaskiya, ba shi nake so ba. Zo gida, Injiniyana."

Da ya je ya nuna satifiket ɗin, tsohon ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya juya ta, ya mayar masa.

"Ni ban san kan wannan ba. Amma ta ce ita ta kayar da kai, ka koma daga farko. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Kuma har yanzu kana sonta?"

Ya sunkuyar da kai. Daga bayan labule mahaifiyarta ta tuntsire da dariya.

"To turo magabatanka," in ji tsohon.

Ranar ɗaurin auren, abokansa suka cika ƙofar gida suna ihun Rabin-Hanya ya yi aure. Tsohon ya dafa kafaɗar angon, ya roƙi Allah Ya albarkaci zamansu, Ya kai su tsufa tare. Jama'a suka amsa da amin. Sannan ya juya ga samarin.

"Ku kuma," ya ce, "sai ku nemo masa wani sunan."