Turaku Ashirin da Ɗaya Sun Yi Ƙaura

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Ubaidullahi na zaune a ofishin 'yan sanda na Batsari yana fifita da fayil ɗin wata ƙarar akuya. Fankar da ke saman kansa ta shekara uku ba ta juya ba, har zanzaro ya yi gini a fukafukinta. Sai ga wata mata da hular kwano a kan hijabi, ta shimfiɗa taswira a teburinsa tun bai gama amsa sallama ba.

"Sunana Injiniya Khairiyya. Yallaɓai, an sace mini hanya."

Shekara ashirin da biyu Sufeto ya yi yana aiki. An kawo masa ƙarar satar shanu, da ta taki, har da ta lasifikar masallaci, amma ta hanya bai taɓa ji ba. Ya ajiye fayil ya gyara zama.

Ta yi bayani. Tun da aka sabunta dokar wutar lantarki, aka ba jihohi da 'yan kasuwa damar jawo manyan layuka ba sai an jira tarayya ba, kamfaninsu ya samu aikin babban layi daga Batsari zuwa Safana. Masu awo sun zo da rakiyar jami'an tsaro, sun kakkafa turakun ƙarfe masu jan fenti don nuna inda waya za ta bi. Yau ta je dubawa ta tarar turaku ashirin da ɗaya, tsakanin Karare da Babban Duhu, sun bar mazauninsu. Layin da ke miƙe a takarda ya lanƙwashe a ƙasa kamar lauje.

"To a sake awon mana," in ji Sufeto.

"Masu awo sun tafi da na'urarsu. Kafin a sake haɗa musu rakiya sai an yi wata guda. Ranar Alhamis kuma masu sa ido za su zo. A sabon tsarin nan babu lallashi. In abin da ke ƙasa ya saɓa da na takarda, ajiye sashen ake yi a wuce wata ƙaramar hukuma. Sai kuma ranar da Allah ya yi."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi fankar. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, don shi kansa ɗan Safana ne, kuma ya gaji da kai wayarsa caji shagon mai janareta.

Motar ofis, tun da fetur ya yi tashin nan, ta zama inuwar awakin bariki. Don haka bai yi musu ba da Injiniya ta ce ya shiga tata.

A ƙarƙashin wata bishiyar bedi suka sami mai gadin turakun, wani dattijo mai suna Ɗanmalam, rungume da gora.

"Kai kaɗai kake gadi?"

"Ni da sandata, ranka shi daɗe."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga Karare har Babban Duhu."

"A ƙafa?"

"To da mi?"

"Ka taɓa barin wurin?"

"Ko ƙihta ido ban yi ba."

Sufeto ya miƙa hannu ya zaro wata 'yar takarda da ta leƙo daga naɗin hular dattijon. Lamba ce a jiki, irin wadda ake raba wa masu bin layin taki mai rahusa.

"Kwana nawa ka yi a layin?"

Ɗanmalam ya sunkuyar da kai. "Ukku. Sati biyu ke nan." Ya nisa. "Kuma ban samu ba."

Sufeto ya mayar masa da takardar cikin hular. Wanda ya yi kwana uku a rana bai samu taki ba, ba ya bukatar ƙarin hukunci.

Suka bi sabon layin ta cikin gonaki, gero ya kai gwiwa. Sufeto ya tsuguna gaban turke na farko, ya daɗe yana kallo. Ya je na biyu, ya je na biyar.

"Injiniya, haka kuke kafa su, a karkace?"

"Haba! A miƙe muke kafawa, da guduma."

Waɗannan kuwa duk a kishingiɗe suke, duk sun kalli gefe ɗaya. An tara wa kowanne ƙasa a gindi, an danne da diddige a hankali, aikin mutum mai tausayin abin da yake sakawa a ƙasa. Sufeto ɗan manomi ne, kuma hannun nan ya yi masa kama da wanda ya sani. Ya ƙirga turakun, ashirin ya samu.

"Ɗaya ya ɓata a hanya," in ji shi. "In ƙarfe ya ɓata a ƙasar nan, na san inda yake kwana."

Yusha'u ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa a Karare, ya tarbe su da fara'ar da ta wuce kima.

"Turke mai jan fenti? Yallaɓai, ban taɓa gani ba. Ni ko kalar ja ba na so."

"Akuyar can taka ce?"

"Tawa ce."

"Da me ka ɗaure ta?"

Yusha'u ya waiga kamar yau ya fara ganin akuyar. "Au, wannan? Gadon kakana ne."

"Kakan naka ne ya buga masa lambar kamfani?"

Fara'a ta gudu. Yusha'u ya shiga rantse-rantse cewa tsinta ya yi. Sati biyu da suka wuce, da rana tsaka, wata amalanken shanu ta wuce, turken ya faɗo daga baya. Mai amalanken ya sa malafa, bai ga fuskarsa ba.

"Ka kira shi?"

"Na kira shi a zuciyata."

"Me kuma ya ɗauko?"

"Ƙarahwa a ƙasa, damin itace a sama."

"Itacen girki?"

"A'a, ɗanye ne, siriri, mai gaɓa-gaɓa."

Sufeto ya kwance akuyar ya miƙa wa Yusha'u igiyar, ya cire turken ya jefa bayan mota. Suka bar shi tsaye da akuya a hannu.

A tsakiyar lanƙwasar akwai wata 'yar unguwa mai gida biyar. Turaku sun zo sun ratsa ta, ɗaya ma jingine yake da katangar gidan farko. Bayan gidan kuwa gonar rogo ce kore shar, ita kaɗai a duk faɗin geron nan, kuma an sassare wasu itatuwan rogon kwanan nan.

Mai gidan, Malam Jinjiri, tsoho ne ɗan saba'in, gajere, mai ladabi. Ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da damina da gajiya da hanya, aka koma kan damina, har Injiniya ta fara duba agogo.

"Baba, wa ya kawo turakun nan ƙofar gidanka?" in ji Sufeto.

"Wallahi tashi munka yi munka gan su. Na ce wa mutane, ga shi gwamnati ta tuna da mu."

"Kana da amalanke?"

"Ta lalace."

Daga waje wani sa ya yi kuka, ƙafar amalanke ta amsa da ƙara. Malam Jinjiri ya yi tari.

Sufeto ya dubi zauren. A kusurwa akwai wani abu dogo an lulluɓe shi da zane mai tsabta. Ya ɗaga zanen. Firij ne fari, ba ko ƙwarzane. Ya buɗe, ya tarar da irin gyaɗa a sama, takardun gona a tsakiya, kwalbar man zafi a jikin ƙofa. A bango kuma ga makunni an kafa, ga ƙwan fitila na reto daga azara, babu wayar da ta haɗa su da komai.

"Shekara tara da na sawo shi," in ji tsohon, muryarsa ta yi laushi. "Lokacin da anka yi muna alkawari. Kullum ina goge shi."

Sufeto ya rufe firij ɗin a hankali. Ya ji tausayi, amma Alhamis ba ta san tausayi ba.

"Injiniya, tunda gwamnati ta tuna da su, yi wa Baba bayanin abin da ya samu."

Ta yi bayanin da babbar murya, yadda na cikin gida ma za su ji. Wannan ba irin wayar da ke bin falwaya ta shiga gidaje ba ce. Babbar waya ce, wadda ke ɗauko wuta daga nesa ta kai tashar da za a gina a Safana, a can a rage mata ƙarfi kafin a rarraba. Ba a jona ta. Wanda ya kusance ta da ƙugiya, ko takalminsa ba za a samu ba. Kuma doka ta hana kowa zama a ƙarƙashinta, don haka duk gidan da turaku suka ratsa, rushe shi ake yi.

"Rushewa?" in ji Malam Jinjiri.

"Har ƙasa. Daga wannan zauren za a fara."

Ba ta rufe baki ba aka banko ƙyauren cikin gida. Wata tsohuwa ta fito da muciya a hannu. Turai ce, matar gidan.

"Malam! Ban ce maka ka bar ƙarahwan mutane ba? Kwana ukku kana jigila da shanu, ka ce mani wuta kake jawo muna. Ashe rusau ka jawo muna!"

Malam Jinjiri ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ni ne, ranka shi daɗe. Na ga ta biyo ta can nesa za ta wuce mu, kamar yadda komi ke wuce mu. Na ce tunda turke take bi, bari in nuna mata hanya." Ya dubi Sufeto. "Amma ya anka yi ka gane, tun kahin waccan ta buɗe baki?"

"Baba, ba kafa su ka yi ba. Dasa su ka yi. Duk ƙasar nan wa ke kwantar da abu a karkace ya danne da diddige in ba mai rogo ba?"

Tsohon ya gyaɗa kai, har da ɗan jin daɗi.

Injiniya kuwa ba ta ji daɗin komai ba. Ta dafe kai. "Amsa laifi ba zai dawo mini da layi ba. An yi ruwa sau huɗu tun lokacin, ramukan farko duk sun shafe. Ina zan mayar da su?"

Malam Jinjiri ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ni in bar rami hoko, ba komi ciki, da damina? Ɗiyata, mi kika ɗauke ni?"

Ya jagorance su ta cikin gonaki. Can a tsakiyar geron wani, ga ɗan rogo ya tsiro, ganye biyar. Gaba cikin gyaɗar wani, ga wani. Duk ramin da ya zare turke, ya soka itacen rogo ya danne. Guda ashirin da ɗaya, a jere, a miƙe, babu wanda bai kama ba.

Injiniya ta buɗe taswira, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta zauna a kan kunya ta yi ta dariya har da hawaye.

Talata da Laraba aka yi ana mayar da turaku, da amalanken da ta lalace. Ɗanmalam na riƙewa, Injiniya na buga guduma, Malam Jinjiri na tsaye yana girgiza kai yana cewa a miƙe haka ba za su kama ba. Da la'asar ɗin Laraba layi ya koma yadda yake a takarda, ya shirya wa masu sa ido.

Saura aikin Sufeto. Ƙara ta riga ta shiga fayil, dole tsoho ya je ya yi bayani gaban alƙali. Ankwa tana aljihu, a can ya bar ta. Ya buɗe masa ƙofar gaba ta motar Injiniya.

Turai ta miƙo ƙullin rogo dafaffe ta taga, tana faɗa tana share ido da gefen mayafi. Malam Jinjiri ya ce mata ta riƙa goge firij, kada ƙura ta hau. Sannan ya juya wajen Injiniya.

"Ɗiyata, gaya mani gaskiya. Yaushe za ta iso gidana?"

"Sai an gama babban layi, a gina tasha, sannan a kafa ƙananan falwayoyi zuwa ƙauyuka. Shekara uku, Baba. Wataƙila huɗu."

Tsohon ya ƙirga wani abu da yatsunsa, bai faɗi abin da ya samu ba. Ya dubi inda jajayen turakun suka miƙe can nesa, bayan gonakin gero.

"In anka ja wayar, daga ƙohwar zaurena ina iya hango ta?"

"Za ka hango ta sosai."

"To," in ji Malam Jinjiri, ya gyara zaman hularsa. "Mu tahi, Sufeto."