Ranar Wankin Ƙashi a Gidan Nakandakari

Tun da Fumie ta tare a gidan Nakandakari, surukarta ba ta taɓa cinye abin da ta zuba mata ba. Yau ma tsohuwa Makato ta ɗanɗana garahuni da awara, ta ture kwanon da bayan hannunta mai jarfar shuni.

"'Yar Yamato, kin wanke masa ɗacin tas! Garahunin da ba ɗaci ai ciyawa ce."

"Yi haƙuri, Anma. Gobe zan gyara." Anma shi ne Inna a harshen garin.

"Goben nan taki tun bara nake jiranta."

Fumie ta ɗauke kwanon. Ta saba. Duk ƙauyen nan na arewacin Okinawa ba mai kiran sunanta, sai 'yar Yamato, wato 'yar babban yankin Japan. A can ta ga Seitoku, ɗan Makato, yana ɗalibi a hannun mahaifinta, Farfesa Munakata, a zamanin da masu gidajen haya ke rataye allo a ƙofa cewa ba sa karɓar ɗan Okinawa. Saurayi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da tsoron bakinsa, kullum yana tauna magana kafin ya furta don kada harshen garinsu ya tona shi. Har sunan gidansu ya datse, ya koma Nakamura. A haka ta so shi. Mahaifinta ya ce ɗalibi daban, suruki daban, ya hana hatiminsa na amincewa da auren, ita kuma ta hau jirgin ruwa ta bi Seitoku da jaka ɗaya. A ƙauye an yi biki, an yanka alade, amma a wurin hukuma ba aure, don shekarunta ba su kai na aurar da kanta ba.

Tana cikin wanke kwanon sai ga Seitoku ya shigo da gudu daga makarantar da yake koyarwa, fuskarsa har sheƙi take.

"Fumie! Farfesa ya sauka! Yana tafe!"

Kwanon ya suɓuce mata.

Ya zo da farar kwat da hular rana, ɗan dako na biye da shi da kyamara da wani akwatin katako. Ya shafa kan 'yarsa kamar jiya suka rabu. Ya rusuna wa Makato, amma idonsa ba a kan gaisuwar yake ba. Goshinta yake kallo, da ƙashin kumatunta, irin kallon da mahauci ke yi wa sa a kara. Makato ta ja hannuwanta cikin riga.

"Na ji jibi za ku wanke ƙasusuwan maigidanki," in ji shi da murmushi. "Na zo a kan gaɓa."

"Wa ya gaya maka?" in ji Makato.

Seitoku ya sunkuyar da kai.

Da la'asar Farfesa ya ja su biyu zuwa bakin gonar rake, ya buɗe akwatin. Ba komai a ciki sai auduga, an yi mata gurbi a tsakiya, zagayayye. Fumie ta girma a tsakanin irin akwatunan nan. Ta san abin da ake sawa a ciki.

"Kan mutumin da aka san sunansa da asalinsa nake nema," in ji shi. "Na tsofaffin koguna ba su da shaida. Na auna, na rubuta, magana ta ƙare. Kai Nakamura ka sami kujera a jami'a, ke kuma in buga miki hatimi ki zama matar aure ta gaskiya. In ba haka ba, tikitin komawarki gida na cikin aljihuna, doka kuma tana bayana."

"Baba, mahaifin mijina ne fa!"

"Ya mutu. Ilimi kuwa yana raye. Mata kaɗai ke taɓa ƙashi a al'adarsu, shi ya sa sai ke. Idan ya zo hannunki, ki yi kamar za ki ɗebo ruwa a bayan dutse. Ina nan."

Ya rufe akwatin ya tafi. Fumie ta juyo kan mijinta.

"Ka san da wannan?"

"Ki saurare ni tukun..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani! Ke ba ki taɓa tsayawa a ƙofar gidan haya an nuna miki allo ba. Ba a taɓa rataya miki katako a wuya a aji don kin yi yaren uwarki ba. Ni an yi min, yanzu kuma ni ke rataya wa yara! Farfesa zai tabbatar da cewa mu da ku tsatso ɗaya ne, mu ne ma tsofaffin Japanawa. Rannan kowa zai rufe bakinsa. Mahaifina da kansa zai yarda ya ba da kansa don jikokinsa."

"To in ƙarfen awon ya ce ba tsatso ɗaya ba ne fa? Sai ku zama me?"

Ta matso kusa da shi.

"Ni da na biyo ka, na auna kanka?"

"Fumie, zai tafi da ke. Ba zan iya ba."

Nan ne ya kashe mata jiki. Ashe ba kujerar kaɗai ke jansa ba, tsoron rasa ta ne ya fi yawa, ga shi kuwa hawaye na bin fuskarsa. Ta koma gida. Kai, duniya! Mutum ya haifi 'ya, ya yi shekaru bai ce ci kanki ba, sai ranar da yake neman ɓarauniya ya tuna yana da ita!

Washegari ta durƙusa gaban surukarta.

"Anma, ki bar ni in shiga wankin."

Makato ta dube ta. Fumie ta yi zaton zagi ne zai biyo, har ta so a zage ta a hana ta, ta huta. Sai tsohuwar ta ce, "Ki yanke farce. Kada ki sa turare, maigida ba ya so."

Ranar ta zo da rana mai ƙuna da iska marar motsi. Teku ta yi lumus, ko tsuntsu ba ya kuka. Maza suka ture dutsen bakin kabarin zuri'a, suka fito da makarar, suka ja da baya suka juya fuska. Mata suka kewaye. Ƙanwar marigayin, Gwaggo Oto, ta ɗaga babbar baƙar laima a kansu, don ba a barin rana ta ga ƙashin mamaci. Wanda ya koma duhu ba a tsiraita shi a gaban haske, kowane yaro a ƙauyen ya san haka.

Da aka ɗaga murfin, wari ya bugi Fumie, jiri ya ɗebe ta. Gwaggo Oto ta zungure ta da gwiwar hannu.

"In amai ne, 'yar Yamato, yi can gefe. Nan ba ɗakin shan shayi ba ne."

"Ba zan yi ba, Gwaggo."

Suka fara daga ƙafa. A wanke da ruwa, a goge da giyar shinkafa, a jera cikin tulu yadda mutum zai zauna daidai, kai ne ƙarshe. Makato na wanki tana hira da shi kamar yana kishingiɗe a tsakar gida.

"Ga ƙafar yawon nan, yau ina za ta? Dubi gwiwar da ka karya a kan bishiyar maƙwabta, tsoho da kai da satar lemo!"

Mata suka yi dariya da hawaye a fuska. Fumie ta leƙa tulun, ta ga girmansa ya wuce na mutum ɗaya.

"Anma, ai ya yi masa yawa."

"Rabi nawa ne. Miji da mata tulu ɗaya suke shiga. Ya matsa can ya bar min wurina, ko a tabarma haka yake da cin wuri."

Sannan ta sa hannu biyu ta ɗago kan. Ta share masa goshi da yatsa, ta juya shi ya fuskanci Fumie.

"Maigida, ga matar ɗanka da ba ka gani ba. Ba ta iya garahuni ba, amma ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Karɓi, ke za ki wanke shi."

Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ga wushiryar Seitoku a haƙoransa, sak. Can bayan dutse ta hango farar kwat, da bakin akwati a buɗe. Taku kaɗan ne. Ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

Farfesa bai saba jira ba. Da ya ga ta tsaya, ya fito ya ratsa cikin mata kai tsaye, kyamara a wuya.

"Ɗago shi sosai, Fumie. Ke, kawar da wannan abin, ba na gani!"

Ya sa sandarsa ya doke laimar daga hannun Gwaggo Oto.

Rana ta faɗo musu. Mata suka kwarma ihu, wasu suka zube a kan tulun. Fumie ba ta san lokacin da ta durƙushe ba, ta cusa kan cikin ƙirjinta, ta lulluɓe shi da hannun riga, ta kife a kansa, bayanta na shan rana.

"Tashi ki ba ni!"

"Ba zan bayar ba, Baba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan bayar ba! Matarsa na nan da rai, ta bar masa rabin tulu. Da wa kake so ta kwanta, da gangar jiki?"

Fuskarsa ta yi jawur. Ya juya wajen maza.

"Nakamura! Karɓo min!"

Seitoku ya taho a hankali. Fumie na jin takunsa a kan tsakuwa, ta runtse ido. Ta san in ya miƙo hannu ba za ta iya kokawa da shi ba, kuma daga rannan ba za ta ƙara iya kallon fuskarsa ba. Takun ya zo daidai kanta, ya wuce. Sai ta ji inuwa ta sauko mata a baya, mai sanyi. Laimar ya ɗauko, ya tsaya a kanta.

"Farfesa, sunan mai kan nan Nakandakari, ni ma sunana ke nan. Ban san abin da awonka zai ce ba, na kuma daina son sani. Ka fita daga cikin matanmu."

Mazan ƙauyen sun juyo yanzu, sai matsowa suke yi. Farfesa ya dube su, ya dubi tikitin da ya zaro, ya yayyaga shi.

"Ba ni da 'ya. Zauna ki ruɓe da su."

Ya tafi. Fumie ta wanke kan surukinta, hawayenta na ɗiga cikin ruwan, ta ɗora shi a bisa sauran ƙasusuwan da hannunta. Aka mayar da dutse.

A hanyar gida ta kasa riƙewa, ta faɗi a gaban Makato.

"Anma, da niyyar sata na shiga."

"Na sani. Na leƙa cikin akwatin tun ranar da ya zo. Wa ke yi wa ƙwai gurbi mai girman haka?"

"To don me kika ba ni?"

"In ban ba ki ba, har in mutu ban san wadda za ta wanke ni ba." Ta kama kafaɗarta da hannun nan mai jarfa. "Tashi, Fumie. Kina ɓata rigarki."

Karo na farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta.

Kada wani ya zaci daga nan daɗi ya ɓarke. Ɗan dakon da ya raka Farfesa tashar jirgi ya ce akwatin ya koma da nauyi, don akwai tsofaffin kaburbura a kan dutse da ba su da mai riƙe musu laima. Kujerar jami'a ta tafi, hukumar makaranta ma ta sa wa Seitoku ido tun ranar da ya jefa katakon wuyan yara a murhu. Sun ci dankali zalla har ya gundure su. Fumie ta jira shekarunta suka cika, suka je suka yi rijistar aurensu da ƙafarsu, ba hatimin kowa. Da lokacin Makato ya yi, Fumie ce ta wanke ta, daga ƙafa zuwa kai, tana yi mata tsiyar garahuni, ta zaunar da ita kusa da mijinta. Kafin a rufe, Seitoku ya nuna mata wani sabon tulu a gefe, babba, na mutum biyu, wanda tsohuwar ta saya ta ajiye ba ta gaya wa kowa ba.

To, 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce sai kun miƙa masa iyayenku kafin ya yarda ku mutane ne, ko kun miƙa ba zai yarda ba, wani abin zai ƙara nema. Soyayyar da ta sa aka ci amanar gida ba ta daɗewa. Wadda ta yi haƙuri ta tsare mutuncin mutanen mijinta kuwa, ko daga wace ƙasa ta fito, su da kansu za su matsa su ba ta wuri.